Shekarar da Ubanku Ya Taya Jami'a

Wannan babin na rubuta shi ne saboda abin da na ji Hannatu tana gaya wa surukanta ranar Kirsimeti. Ina cikin ɗaki ina jinta, ta sassauta murya kamar mai wa'azi, wai mamarta ta kusa samun babban dipilom daga Turai, yunwa da mulkin soja suka hana. Matan suka yi ta "wayyo, Allah sarki." Ni kuwa ji na yi kamar in fito da muciya. Sojoji sun yi nasu, fari ma ya yi nasa, kuma na faɗe su a inda suka dace. Amma a wannan maganar an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya hana ni karatun nan ubanku ne, Iliya, Allah ya ba shi hutawa, kuma ba da mugunta ya yi ba. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Da gwaninta ya yi.

Ku manyan kun san sana'arsa, ƙananan ne ba su riske shi a kanta ba. Manomi ne kamar kowa a garinmu na gefen Hawandawaki, amma da an kai hatsi rumbu sai ya koma dillalin dabbobi, yana bin kasuwanni tun daga Tasawa har Mayahi. Kirista a cikin kara, inda ake cinikin shanu, ba abu ne da aka saba gani ba, amma Fulani da mahauta sun yarda da shi don bai taɓa ɓoye cutar dabba ba. Aibinsa ɗaya: bai yarda akwai wani farashi a duniya da ba a tayawa ba. Ashana sai ya taya. Ya taɓa taya kuɗin allura a likita, ina tsaye da Dauda a bayana yana fama da zazzaɓi, na rasa inda zan sa fuskata.

Ni a lokacin ina direktiris, wato shugaba, a lakol, makarantar bokon garin, da lisans ɗina, digirin farko, da na sha wuya kafin na samo a Yamai tun kuna ƙanana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne malaman kwantaragi da ake turo mana. Yara ne masu hankali, amma ba wanda ya koya musu koyarwa. Sai ka ga saurayi ya tsaya gaban aji cike da 'ya'yan manoma yana ta zuba Faransanci, su suna kallonsa, shi yana kallon allo. Ina gyara nawa ɗaya bayan ɗaya, da na gyara sai a ɗauke shi a kawo mini ɗanye. Burina in koma makarantar horon malamai a Maraɗi in kama su tun daga tushe, amma ba a ba mutum wurin nan sai da mastar. Ga 'ya'ya, ga gona, ga aiki, ba halin in tafi wata ƙasa in zauna. Sai ansipektanmu, mai duba makarantu, ya gaya mini akwai wata jami'a a Turai da ke koyar da mastar na ilimin koyarwa daga nesa. Kana zaune a ƙasarka, ka riƙa zuwa sibar, shagon da ake biya a hau ordinatar, wato kwamfuta, a shiga intanet, kana karɓar darasi kana aika aiki. Na nema ban gaya wa kowa ba, kuma suka ɗauke ni.

Takardar kuɗin ce ta jawo komai. Farashi uku ne a kanta. Akwai na mutanen ƙasashe masu arziki, wanda ko gidanmu da gonarmu aka haɗa ba za su kai ba. Akwai na ƙasashe masu matsakaicin hali. Sai namu can ƙasa, ɗan kaɗan in an gwada da na farkon. Sauƙin kuwa da sharaɗi: a zuba kuɗin a banki kafin ranar da suka sa, dab da faɗuwar damina, kuma akwai iyakar shekaru, ni ina kan shekarata ta ƙarshe. Ko bana, ko shi ke nan. Na duba na ga sa ɗaya da nake turkawa a bayan gida, wanda na ciyar da dusa da harawa daga albashina, zai biya har ya rage canji. Shekarar ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke hatsi bai ƙosa ba, sojoji kuma sun sake karɓar mulki a Yamai, amma a lokacin dabba mai ƙiba tana da sauran daraja. Na kawo takardar da murnata, na bari ubanku ya ci tuwo, na fassara masa. Ya sa na maimaita farashin nan uku yana gyaɗa kai.

"Madam," ya ce, don haka yake kirana kamar sauran mutanen gari, "karatun guda ne, ko kowa da nashi?"

"Guda ne, Maigida. Malamai guda, dipilom guda."

"Kaya guda, baki ukku. To wagga ai kasuwa ce. Ni ma haka nika yi. Alhajin da ya taho daga Jibiya da babbar mota kuɗɗinshi daban, maƙwabcina kuɗɗinshi daban. Kuma mai kayan da ya rage tun ba a taya ba, akwai baki na huɗu cikin aljihunshi."

"Ba kasuwa ba ce, jami'a ce. Ƙarhin kowace ƙasa sunka duba sunka yanke."

"Awo, sun duba. Ni ma takalmin mutum nika dubawa kahin in hwaɗi kuɗɗi. Ke dai kada ki nuna masu kina so."

Na ɗauka raha ce. Ranar kasuwa na ce ya kai san, ya ce a dakata tukuna. Mako ya zagayo, ya ce a ƙara dakatawa. Za ku ce me ya hana ni sayar da abina da kaina, tun da nawa ne. Ku 'yan birni ne shi ya sa. Mace ba ta shiga kara da igiya a hannu, balle matar dillali. Da na yi haka, da na tuɓe masa riga a gaban duk waɗanda yake cin abinci da su. Na lallaɓa wajen abokinsa Alhaji Mati, maƙwabcinmu, shi ma dillali, na roƙe shi ya sayar mini a ɓoye. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin mutum da dabbar gidansa ba, kuma kafin yamma ya kai wa ubanku labari. Albashi kuwa ba a maganarsa. In ya zo a makare, hatsi ke cinye shi, don a shekarar dangi daga ƙauyuka sun cika mana gida.

Abin da ya fi ba ni haushi, gari duka ya goyi bayansa. Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna gindin itacen bedi suka tattauna karatuna kamar ba na wurin. Ɗaya ya ce araha ba ta ado, wa ya sani ko ragowar karatu ce suke ba talakawa. Wani ya ce sauri ya haifi nawa. A ƙofar masallaci ma, in ji Alhaji Mati, hukuncin ɗaya ne: Iliya ya san ciniki, a bar shi ya yi aikinsa. Tun da nake garin ban taɓa ganin coci da masallaci sun haɗa baki da sauri haka ba, kuma a kaina suka haɗa. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganin ordinatar a kunne.

Sai ga abin da ya ƙarasa ni. Na hau kabu-kabu na ratsa yashin nan zuwa Tasawa don in duba saƙo, na tarar jami'ar ta rubuto. Saboda labarin fari da suka ji, sun yafe wa duk ɗaliban yankinmu kuɗin dosiye, wani ɗan ƙaramin kuɗi da ake biya a kan na karatun. Kowa aka aika wa, ba ni kaɗai ba. Da ina da wayo da na haɗiye labarin. Amma na zo gida na faɗa, a zatona zai ce to, an samu sauƙi, a biya. Ubanku ya miƙe tsaye, ya tafa hannu, ya leƙa ta katanga ya ƙwala wa Alhaji Mati kira.

"Alhaji! Sun hwara saukowa!"

"Kowa sunka yi ma haka," na ce. "Saboda yunwa ne, ba saboda shirunmu ba."

"Haka za su ce mana. Wa ya taɓa cewa na rage don na matsu? Madam, mako guda kinka yi shiru sunka zubda wanga. Ki ƙara biyu ki gani."

Daga ranar ya zama annabi a unguwa. Har ya ce shi da kansa zai je ya yi magana da su, tun da ni ban iya ba. Muka tafi tare, ya sa babbar rigarsa ta zuwa kasuwa. Mai sibar ɗin wani mutum ne mai haƙuri, Musa, ya ba mu kujera biyu gaban ordinatar. Muka jira kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, muka jira layi ya kama, ubanku yana zaune ya harɗe hannu yana kallon gilashin kamar yadda yake kallon saniyar da yake so amma ba ya son a gane.

"Rubuta masu," ya ce. "Ki gaishe su da kyau, ki tambayi iyalinsu. Sa'an nan ki ce mun gani, kaya sun yi, amma shekara ta yi wuya. Mun taya rabi."

"Maigida, don girman Allah. Ba a yin haka."

"Rubuta. In kina jin kunya ki ce ni na ce."

Na rubuta, don mutane sun fara juyowa suna kallonmu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban gama sauke hannu ba amsa ta shigo, irin wadda na'ura ke mayarwa da kanta: sun gode da saƙona, farashi yana nan yadda aka sanar, suna tuna mini da ranar rufewa. Na fassara masa kalma bayan kalma, na kuma gaya masa ba mutum ne ya rubuta ba. Musa ma ya sa baki ya ce gaskiya ne, Baba, inji ne. Ubanku ya yi murmushi.

"Kin ga saurin amsar? Zaune suke suna jiranmu. Wagga ai albarka ce sunka ce, kuma da ladabi. Tashi mu tahi."

"Mu tahi ina?"

"Mu ba su baya. Sannu-sannu za ki yi tahiyar, kada ki waiga."

Kun san yadda ake yi a kasuwa. In ka taya, mai kaya ya ce albarka, wato bai sallama ba, sai ka juya ka kama hanya a hankali, kafin ka kai bakin rumfa ya kira ka. To haka ubanku ya fitar da ni daga sibar, taku ɗaya-ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana yana gyara hula, kunnensa na baya. Ni direktiris guda, da furfura ta fara fito mini, ina tsaye a titin Tasawa ina ba ordinatar baya. Da ya ji shiru sai ya ce waɗannan sun ƙware, sai an haɗa musu da haƙuri. Ban yi masa magana ba har muka iso gida, kuɗin man kabu-kabu ma ni na biya.

Shi yana jiran farashin Turai ya sauko, wani farashin na saukowa a bayan gidanmu. Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare a daji, Fulani suka fara tururuwa da shanu kasuwa suna sayarwa ko nawa ne kafin su mutu a hannunsu. Harawa ta yi tsadar da ban iya saye, dusa kuwa mutane suka koma ci. San nan nawa da yara ke zuwa kallo ya fara nuna haƙarƙari. Da na matsa, ubanku ya kai shi kasuwa, aka taya abin da zai biya karatun daidai ba canji, ya ce albarka, ya dawo da shi. Wai bai kai ba. Mako na gaba aka taya ƙasa da haka, ya ƙara cewa albarka, don dillali ba ya sayarwa ƙasa da tayin da ya ƙi. Na yi kuka, na yi faɗa, na kai ƙara wajen Fasto. Fasto ya ce in yi haƙuri in yi biyayya, ya kuma tambaye ni a asirce ko gaskiya ne Turawan sun fara ragewa.

Ana saura kwana kaɗan na durƙusa masa har ƙasa, abin da ban taɓa yi ba tun ranar aurenmu. Na ce ya sayar da san ko nawa ne, in nemi cikon a wajen 'yan'uwana malamai.

"Ranar rufewa ta zo, Maigida. In ta wuce, ta wuce."

"Kasuwa ma tana tashi," ya ce, da taushin murya, don ya ga hawayena. "Amma mai kayan da bai saida ba yana nan bakin hanya da kayanshi, kuma lokacin ne ya hi sauƙi. Madam, shekara nawa ina wanga aiki? Ni zan bari a cuce ki? Abin da na rage maki, littattahai za ki saya da shi."

Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirji. Ba hana ni yake yi ba. Shi a ransa hidima yake yi mini da abu ɗaya da ya fi kowa iyawa.

Ranar ta zo ta wuce. Kullum in na dawo daga lakol sai ya tambaye ni ko sun kira, mu duka muna jiran gawon shanu. Da na samu zuwa Tasawa na tarar da saƙo gajere: tun da ban biya ba, sun ba wani da ke jiran wuri gurbina, suna yi mini fatan alheri. Na dawo na gaya masa. Ya ce kowane mai kaya haka yake cewa, wai wani ya taya. A nan haƙurina ya ƙare. A gaban dangi, a gaban ku, na ce masa ba wanda zai kira, ba wanda ya san da shi a can, baɗi shekaruna sun wuce, ya kashe mini abin da na yi shekaru ina nema saboda taurin kai. Na ce ya fitar mini da san nan daga gida kafin ya mutu a turke. Ya kai shi, aka ba da abin da bai wuce 'yan buhunan hatsi ba. Na daina yi masa magana sai gaisuwa. In ajiye masa tuwo, in tashi.

Ya yi kwanaki yana zama shi kaɗai a zaure. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, an ce ruwa ya sauka wajen Bawdeta, kowa na gyaran garma. Wata ranar kasuwa na dawo daga lakol na ga turken shanun nomansa biyu wayam. Su ne ke ja mana garma, su ne ke ja mana amalanke, kuma su kaɗai ya hana yunwa taɓawa, ko da shi zai kwana bai ci ba. Na ɗauka ya kai su kiwo ne. Da la'asar sai ga shi ya shigo da ƙafa, rigarsa duk ƙura, ya zauna a kan turmi a tsakar gida. Ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a gabana.

"Na saida su," ya ce. "Tayin hwarko na sallama. Na haɗa da abin da ke gare ni, ya kai kuɗɗin da sunka ce, har da na dosiyen da sunka yahe."

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

"Na hau kabu-kabu na tahi wurin Musa. Na ce ya rubuta masu mijin Madam ya dawo, ya yarda da bakinsu na hwarko, ba ragi. Ya ce an ruhe. Na ce ya dai rubuta, ya ce masu dattijo ne ya zo da kanshi da kuɗɗi a hannu. Ya rubuta. Sunka amsa da sauri kamar wancan karon." Ya ɗago ya dube ni. "Madam, a kasuwa duk wanda ya ba da baya ya dawo, ana yi mashi dariya, amma ana karɓa. Waɗanga wane irin mutane ne? Ba wanda za ka kama ma hannu?"

Ina so in ce muku tausayi ne ya fara kama ni, amma ba haka ba ne. Haushi ne. Ga damina a bakin ƙofa, ga gida cike da baki, ga mutumin da ya ƙi sayar da sa ɗaya lokacin da zai yi amfani ya je ya zubar da biyu lokacin da ba su da amfani. Ku da kuka yi noman shekarar da hauya har tafin hannunku ya fashe, yanzu kun san dalili. Na tura masa ƙullin da ƙafa.

"Tashi ka maida masu kuɗɗinsu ka karɓo shanunmu. Kasuwa ba ta gama watsewa ba."

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba Madam. An tahwa hannu, an ba da la'ada, ciniki ya hwaɗa. Ko ɗan uwanka ne ba ka tada shi. Lokacin magana ya wuce."

"To," na ce, "su ma abin da sunka ce maka ke nan."

Ya daɗe yana kallon ƙullin nan a ƙasa. Bakinsa ya motsa kamar zai kawo wata hujjar, don bai taɓa rasa ta ba. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Na kashe maki kasuwa, Rahila," ya ce.

Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. A lakol ɗin nan na ƙarasa aikina har na yi ritaya, ina gyara malaman kwantaragi ɗaya bayan ɗaya ana ɗauke su.